Sanda Mai Tozo da Raƙuman Agali

Da sunan Allah, wanda ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, mu kuwa ya bar mu da guduma da haƙuri.

Ku samarin da kuke cika mini benci a bakin garaji nan Tasawa, kowa da salula a hannu, na ji abin da ɗayanku ya faɗa. Wai mayar da injin enjeksiyon ya koma na karbiratar ba wani aiki ba ne, ya gani a waya, wani Bature ya gama kafin shayi ya tafasa. A kwance wannan, a ɗaura wancan, a murza makulli. Madalla da ilimi. Sai dai ban ji ka ce Baturen ya zuba esansin kwalba, fetur ɗin bakin hanya, ba, ban kuma ji ka ce ya lafta wa motar buhunan dussa ya nufi Isawan da ita cikin rairayi ba. Tunda kun ƙi tashi ku ba masu aiki wuri, to ku zauna da kyau.

Motocin da ke zo mana daga bakin teku, tsofaffi a can, amare a nan, duk da ƙwaƙwalwa suke zuwa. Wani ɗan akwati ne ke auna wa inji mai, ya fesa masa ta wasu allurai masu ƙofa siririya kamar gashi. Esansinmu kuwa kun san shi. Ya kwana a duro, ya sha ƙasa, wani lokaci ma ya gaisa da ruwa a hanya. Allurai su toshe, ƙwaƙwalwa ta ruɗe, mota ta tsaya a dajin da ko mai facin keke babu. Karbiratar ita jaka ce. Direba zai kwance ta a gindin gawo, ya hura ta da baki, ya tofar da abin da ya shiga masa, ya ɗaura ya wuce. Shi ya sa masu motocin ƙauye ke kawo mana su ce a cire musu ƙwaƙwalwa. Wasu in suka faɗi haka nakan dube su in ce ai an riga ni.

Aikin farko da na taɓa irin wannan ƙarfen da nake son ba ku labarinsa, ba gyara aka sa ni ba, wanki ne. Ni ɗan maƙera ne. Da na sauke allo, mahaifina ya ga ƙirar fartanya ta fara ja da baya, ya kai ni wurin Baba Maman makanike, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa duka ba su cika buhu ba: kile na kwance kusa, waɗanda bakinsu ya buɗe don tsufa, guduma, reza, da wani dogon turnabis, wato sukudireba, da yake kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora ƙotarsa a kunne yana sauraro kamar mai duba. Na daɗe ina wanke ƙarafa cikin kananzir kafin ya yarda in kwance ko kusa guda. Wata rana ya ciro wata sandar ƙarfe daga kan inji, doguwa kamar muciya, jikinta duk ƙulu-ƙulu. Masu boko suna ce mata arbarakam. Shi sanda mai tozo yake ce mata. Ya ce in rufe ido in shafa.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Tozaye, Baba."

Ya ƙwale ni a ƙeya. "Ko makaho ya san wannan. Wanne ya fi faɗi, wanne ya fi tsini?"

Daga ranar ya fara koya mini cewa inji dabba ce mai numfashi. Yana shaƙar iska da mai, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Ƙofofin da yake shaƙa da fitarwa su ne supap, sandar nan kuwa in tana juyawa, tozayenta ke danna su su buɗe, su sake su su rufe. Ita ke faɗa wa inji lokacin da zai ja numfashi da lokacin da zai riƙe. Ni da na fito daga gaban malam sai abin ya zo mini da sauƙi, don na sha bulala a kan inda ake tsayawa a karatu. Mai karatun da bai san inda zai ja numfashi ba, ko muryarsa ta kai kasuwa, tsakiyar aya zai sarƙe.

To a nan ne masu kallon salula ke faɗawa rami. Sandar da aka yi wa injin enjeksiyon sau da yawa ba ta da ɗan ƙaramin tozon da ke tura pompon esansi, don can wuta ke tura mai. Wata ba ta da haƙoran da ke juya delko, mai raba wa buji, wato fulogi, wuta. Waɗannan ido na gani. Abin da ido ba ya ganewa shi ne faɗin tozo. Tozo mai faɗi yana barin ƙofa buɗe ta daɗe. A motar gayu mai tsere kan gudron, wato kwalta, wannan daɗi ne, inji na gudu yana haɗiyar iska kamar mai ƙishirwa. Amma in inji na tafiya a hankali, ga kaya, ga rairayi, zuƙarsa sai ta yi rauni. Ƙwaƙwalwa takan rufa masa asiri ta fesa mai duk da haka. Karbiratar ba ta da wannan kirkin. Sai an zuƙe ta take bayarwa, in zuƙa ta yi sanyi ita ma ta naɗe hannu.

Direbobin tasha ba sa son jin wannan. Su inji da kunne suke zaɓensa, kamar marokin biki. A taka masa wuta ya yi ruri, mata masu tuwo su waiwayo, shi ke nan mota ta yi kyau. Na ga mutumin da ya mayar mini da aiki mai lafiya don wai motar ba ta tsorata kowa in ya shigo gari.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a muguwar shekarar nan ya zo, wadda damina ta yi mana alkawari ta saɓa. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ciyawa ba ta fito ba balle a tara. Kafin bazara ta raba, a arewacin Mayahi har rufin bukka ake zarewa a ba dabba. Awaki na cin leda, shanu na lasar ƙasa.

A lokacin aka jawo mini wata bashe da igiya, farar mota mai buɗaɗɗen baya. Mai ita Agali ne, Buzu makiyayi, gidansa can gaba da Isawan. Kun san abin da ke tsakanin maƙera da Buzaye, wasa ne tun kakanni, duk abin da na faɗa masa ba ya fushi, ni ma haka. Ya sayar da rabin raƙumansa ya sayi motar don ya riƙa kai wa sauran dussa da harawa da ruwa. Tun ranar da ya saye ta take mutuwa a hanya. Ya baro matarsa da yara a bakin wata rijiya da abin da ya rage na garke, kuma abincin da ya bar wa dabbobin ya kusa ƙarewa. A cikinsu akwai wata taguwa da ta haihu, nononta yaran ke sha.

Ya sauko yana gyara rawani. "Maƙeri, bawana, tashi ka gaida ubangidanka."

Na ce, "Buzu, wa ya zalunce ka? Ka sauka daga raƙumi ka hau baƙin ciki?"

"Ka cire mata aljanin nan na cikin akwati. Ina son ta koma kamar ta mutane."

Na buɗe na duba, na ce za a yi, amma sandar da ke ciki ba za ta zauna da karbiratar ba, sai mun je wurin masu yankan tsofaffin motoci mun nemi wata. Kuskuren da aka yi shi ne ya bi ni. Mai kayan ya baje mana sanduna a ƙasa. Ni na riga na ga wadda nake so, ta wata tsohuwar bashe ce mai karbiratar, ƙirar injinsu ɗaya, tozayenta matsakaita, ga ɗan tozon pompo, ga haƙoran delko lafiya. Kafin in miƙa hannu Agali ya tsuguna. Wallahi yadda yake tsugunawa a kasuwar raƙuma haka ya yi. Ya ɗauki wannan ya jinjina nauyinta, ya ajiye. Ya ɗauki waccan ya duba haƙoranta don ya ga shekaru. Sannan ya bi tozayen ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da babban yatsa, kamar zai ji kitse. Ya tsaya kan wata mai sheƙi da aka ciro daga wata motar gayu ta birni, tozayenta manya, masu faɗi.

"Wagga," in ji shi.

Na ce, "Wannan ba taka ba ce. Ga taka nan."

Ya dubi tawa kamar na miƙa masa mushe. "Wagga ramammar? Maƙeri, ni za ka koya wa tozo? A cikin tozo aka haife ni. Shekarar yunwa mai tozo ke kai labari. Ramamme tun a hanya ake yanka shi."

"Na raƙumi kitse ne, Agali. Na ƙarfe ba ya narkewa ya ciyar da kowa. Wannan gudron ta sani. In ta ga rairayi numfashinta zai sarƙe."

Ya juya ga mai kayan. "Ka ji maƙera ko? Yana son ya ɗaura mini ramammar, ya ɓoye mai ƙibar ya kai wa wani alhaji."

Mai kayan, da yake so a raba shi da wadda ta daɗe a rumfarsa, ya ce ai Buzu ya san dabba.

Na yi rantsuwa, na zana masa a ƙasa, na kawo misali har da na karatu. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya naɗe sandarsa a gefen riga. Na ce to ni hannuna ba zai ɗaura ta ba. Ya ce garin ba maƙeri ɗaya ba ne.

Gaskiyarsa. Akwai Lawali a bayan tasha, wanda ake wa laƙabi da Gudron, don bai taɓa gwada mota a inda ba kwalta ba. Lawali ba ya gardama da mai mota. In ka ce ya ɗaura maka tabarya zai tambaye ka ta wane gefe. Ya ɗaura sandar, ya sa karbiratar. Da ya ga ba tozon pompo, bai damu ba, ya ɗaure bido, jarkar mai, a saman mota ya jawo tiyo, mai ya riƙa gangarowa da ikon Allah. Aka tayar. Ina garajina na ji rurin. A tsaye injin na tari yana karkarwa, amma in an taka shi sai ka ce zaki aka taka wa wutsiya. Suka hau gudron ba kaya, suka tafi kamar kibiya suka dawo. Agali ya biyo ta ƙofata yana danna oda, ya leƙo.

"Maƙeri! Ka ji murya?"

Na ce, "Na ji. Allah ya sa ta iya karatu."

Aka lafta dussa da harawa da durorin ruwa har bayan motar ya zauna, Agali ya kama hanyar arewa.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Ba sallama.

"Maƙeri, motarka ta tsaya."

"Motata?"

"Duk ƙarfe naku ne."

Na tambaye shi inda yake. Ya ce a gindin wani tudun rairayi kafin Isawan, tun jiya. Muryarsa ba ta wasa ba ce, ko da kalmomin na wasa ne. Ya ce matarsa ta kira, dussar da ya bari ta ƙare.

Na koma wurin mai kayan na ɗauko ramammar, na haɗa da pompo da kile da ɗan man inji, na naɗe a buhu, na hau bayan kabu-kabu. Duk hanya ina ganin abin da shekarar ta yi, nan saniya kwance, can tunkiya, ungulu sun ƙoshi har sun daina tashi in babur ya wuce.

Na iske motar ta nutse har ciki. Tun daga nesa na ji ƙaurin ambarayaj, wato kuloci. Abin da ya faru a fili yake: in ya tafi a hankali inji ya mutu, in ya taka da ƙarfi ƙafafu su haƙa rami. Akwai wani ɗan ƙauye kusa, Kirista ne mafi yawansu, manoma. Ranar Lahadi ce, sun fito daga sujada da kayansu masu tsabta suka yi ta turawa har suka koma kalar ƙasa. Babbansu, wani dattijo Ayuba, ya tare ni da ruwa a ƙwarya.

"Sannu da zuwa, malam. Mun tura, mun sauke kaya, mun sake turawa. Da ta hau kaɗan sai ta yi tari ta mutu. Mun yi mata addu'a ma."

Na ce, "Allah ya saka. Addu'arku ta karɓu, ga ta nan cikin buhu."

Agali na zaune a inuwar motar, ya ja rawani har ido. Bai ce mini bawana ba.

Muka kafa tabarma a kan sanduna don inuwa. Ƙarfe ya yi zafi har sai da tsumma ake taɓa shi. Aiki a rairayi ba irin na garaji ba ne, kusa ɗaya ta faɗi ta tafi ke nan, ƙwayar ƙasa ɗaya ta shiga inji ta zama reza. Na shimfiɗa rigata ta sama, duk abin da na kwance a kanta nake jerawa. Na buɗe murfin kai, na juya inji da hannu har alamomi suka haɗu, na ɗaure sarƙar da ke juya sandar da waya don kada ta zame, na zare mai ƙibar na jefa ta gefe. Na shafe tawa da mai na kwantar da ita a mazauninta. Na bi supap ɗaya ɗaya ina daidaita tazara yadda Baba Maman ya koya mini, na ɗaura pompo, na mayar da delko. Bidon Lawali kuwa na sauko da shi na ba Ayuba, na ce ya fi amfani a rijiya. Muka yi azahar a nan kan rairayi, Ayuba da mutanensa suna tsare mana kaya kada iska ta watsa musu ƙasa.

Na murza makulli. Ta tashi ba ruri, ba tari, wani sauti kawai a kwance, kamar mace na niƙa a tsakar gida.

Agali ya saurara. "Ka kashe mata murya."

"Hau dai."

Muka rage iskar ƙafafu, aka haƙe gabansu aka shimfiɗa rassan sabara, aka mayar da kaya duka. Na ce masa ya sa giya ta farko ya ɗora ƙafa kamar mai taka ƙwai. Motar ta yi nishi, ta motsa, ta kama tudun a hankali kamar tsohuwa mai hawan matakala, ba ta tsaya ba sai da ta kai sama. Yaran ƙauyen suka bi mu da ihu. Na saci kallon Agali. Hanya kawai yake duba.

Rana ta yi sanyi muka isa rijiyar. Ba zan ƙara gishiri ba. Awaki da dama sun mutu. Wani tsohon amalen raƙumi, wanda Agali ya ce da shi ya ɗauko amaryarsa, yana kwance ya miƙe wuya, ya riga ya tafi. Taguwar tana durƙushe, tozonta ya faɗi gefe kamar hular da aka zauna wa, ɗanta na zagaya ta yana kuka. Matar Agali ta fito daga tanti. Ba ta dubi motar ba.

"Jiya war haka yana tsaye," ta ce, ta nuna amalen da haɓa. "Mi ya tsai da kai?"

Agali ya ce, "Hanya."

Ta dube shi, ta dube ni da hannuwana baƙi ƙirin da mai. Ni kuwa na sami abin dubawa a ƙasa. Akwai wasan da ko maƙeri ba ya yi wa Buzu a gaban iyalinsa.

Aka jiƙa dussa aka kai wa taguwar. Ta shinshina ta kau da kai, ta sake shinshinawa, sannan ta sa baki. Da ta ci ta sha, muka zura itace ƙarƙashin cikinta, mu duka har da yara, muka ɗaga. Ta yi rawa, ta yi kamar za ta koma, ta tsaya.

Sai matar ta ce a ɗaure ɗan nesa da uwar, kada ya tsotse ɗan abin da ya rage. Aka nemi turke aka rasa, duk itacen wurin an ƙone ko an ci. Agali ya tafi bayan mota ya dawo da sandarsa mai ƙiba. Ashe ya tsince ta inda na jefar. Ya ari gudumata ya kafa ta a ƙasa, ya ɗaure ɗan raƙumin. Igiya ta zauna daram tsakanin tozo da tozo.

Motar nan ta yi ta jigila har ruwa ya sauka, ba nasa garken kaɗai ta ciyar ba. Lawali Gudron kuwa har gobe yana faɗa a tasha cewa shi ya yi aikin, ni na je na ɓata mata murya.

Bayan damina Agali ya zo Tasawa da cuku a ƙunshe, na nonon taguwar. Ya zauna a bencin nan da kuke kai. Na bari ya sha shayi, sannan na ce, "To Buzu, yanzu wa ya san tozo?"

Ya ajiye kofi a hankali.

"Ni mana. Na ce maka ƙarfe ne mai kyau ka ƙi ji. Ɗan raƙumin nan ya girma, kullum yana fizga, har yau bai tumɓuke ta ba."